Kifin ɗana ya mutu: wane icce za mu dasa a kansa?

 

Yau ina so mu yi shawara bisa wata ƴar magana. In ka ji ta da farko za ka yi dariya. Ni ma na yi. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci. Ga maganar: kifin da yaro ke kiwo ya mutu. A jefa wa kyanwa, ko a bizne shi? In an bizne shi, wane icce ya kamata a dasa a wurin?

Yadda abin ya faru

Shekara 2 ke nan, bayan kaka, na tafi da ɗana tabkin Madarumfa, kudu da Maraɗi. Shekararsa 8 a lokacin. Muka tarar masunta suna zazzage taru. Wani ɗan kifi, irin karfasa, ya faɗo cikin laka yana tsalle. Tsawonsa bai wuce yatsa ba. Masuncin ya ce wannan bai isa sayarwa ba. Yaron ya roƙa, aka ba shi. Muka zo da shi gida cikin bido.

Akwai wata tsohuwar randa ƙarƙashin rumfa. Nan ya saka shi. Kowace safiya, kafin ya tafi lakwal, sai ya barbaɗa masa ɗan dusa. Bayan kwana 3 ya kwashe rabin ruwan, ya zuba sabo daga rijiya. Ba wanda ya taɓa tuna masa. Yaron da sai an yi faɗa yake ba akuya ruwa, ga shi yana tashi da asuba saboda kifi. Haka aka yi wata 5.

Sai bazara ta shigo. Randar da muke shan ruwa ta tsage. Uwarsa ta ce: "Malam, ba mu da wurin sanyaya ruwa." Na juye kifin cikin bokitin roba, na ajiye gindin katanga, na ba ta randar. Da safe akwai inuwa a wurin. Ban tuna ba cewa bayan azahar rana tana dukan katangar nan. Na tafi kasuwa. Da na komo da la'asar, na tarar da kifin ya juya ciki sama.

Ka san abin da ya kashe shi? Kifi ma numfashi yake yi. Akwai iska a narke cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijen. Jan abin nan da ke gefen kan kifi, shi ke tace masa ita. In ruwa ya yi zafi, iskar cikinsa tana raguwa. In ruwan kaɗan ne, nan da nan yake zafi. A ƙasarmu kuwa zafin bazara yana wuce digiri 40. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta haɗiyi iskar waje. Gaiwa tana shiga cikin laka ta jira damina. Karfasa ba a ba ta wannan baiwa ba. Ka ga ke nan ba ciwo ya kashe shi ba. Mantuwata ce.

Gaskiya ko ƙarya?

Na tsaya bisa bokitin ina tunani. Yaron bai komo ba tukuna. Ina iya jefar da kifin bayan gida in ce kyanwa ta ɗauke. Ba mai tona ni. Amma na tuna kullum ina ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne. In na yi ƙarya yau, zai tsani kyanwar da ba ta yi komi ba, ni kuma mai laifin in zauna lafiya.

Da ya shigo na kira shi. Na ce: "Kifinka ya mutu. Ni na bar shi cikin rana. Ka yafe mini."

Bai yi kuka nan take ba. Ya duƙa, ya daɗe yana kallon bokitin. Can ya ce: "Baba, kar a ba kyanwa. Mu bizne shi cikin garka. Mu dasa wani abu a wurin, don in san inda yake."

Abin da maƙwabcina ya ce

Maƙwabcina dattijo ne, ya girme ni nesa. Ya gan mu da hauya, ya tambaya. Da ya ji, sai ya kama baki. Ya ce: "Haba Malam! Kai da ke koya wa manya karatu? Kifi abinci ne. Allah ya halatta shi ko ba yanka. Ni na ga yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari. Na ga mutane suna tonon gidan tururuwa don tsabar hatsi. Yau kifi ake yi wa kabari? Gobe kuma sai yaro ya riƙa kai wa iccen sadaka."

Mai karatu, kar ka raina wannan magana. Akwai gaskiya cikinta har kashi biyu. Na farko, kifi ba mutum ba ne. Ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, ba a zaman makoki. Wanda ya daidaita dabba da ɗan Adam ya ɓata ma'auni. Na biyu, icce icce ne. Ba a roƙonsa, ba a kai masa komi sai ruwa. Na yarda da shi a nan, kuma na faɗa wa yaron haka a gabansa.

Amma ga inda muka rabu. Kifin kasuwa da kifin randa ba ɗaya suke ba. Jikinsu ɗaya, amma abin da ke tsakaninmu da su ya bambanta. Na kasuwa ba ka ɗauki nauyinsa ba. Na randa kai ka raba shi da tabkinsa. Ba ya ci sai ka ba shi. Ba ya samun ruwa mai kyau sai ka canza masa. Ya zama amana. Malamai suna karanta mana labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ashe duk wanda ya tsare mai rai, haƙƙinsa yana wuyansa, ko da ɗan kifi ne.

Yaron nan ya riƙe amana wata 5. In na wurga kifin a juji yana kallo, me na koya masa? Na koya masa cewa abin da ka wahala a kansa, ranar da ya daina amfani, shara ne. Yaron da ya koyi haka bisa kifi, zai gwada shi bisa jaki in ya tsufa. Wata rana zai gwada shi bisa mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka tuna kuma wa ya koya wa ɗan Adam biznewa. Cikin Alƙur'ani, da ɗan Annabi Adamu ya kashe ɗan uwansa, bai san yadda zai yi da gawar ba. Hankaka aka aiko yana tonon ƙasa, ya gani ya koya. In tsuntsu ya zama malaminmu a wannan aiki, ina abin kunya in mun rufe ɗan kifi da ƙasa?

Ba mu kaɗai ba ne

Kiwon kifi don sha'awa ba al'adarmu ba ce sosai. Amma tsohuwar al'ada ce a wasu ƙasashe. Mutanen Sin sun fi shekara 1000 suna kiwon wani jan kifi, mai ƙyalli kamar zinariya. Daga kifin daji suka samo shi, suna zaɓen masu launi suna haɗa su. Wajen shekarar 1500 ya isa Japan. Bayan 1600 ya shiga Turai. A yau a Faransa da Ingila da Amurka gidaje da yawa suna da akwatin gilashi cike da ruwa, kifi na yawo ciki. In an kula da jan kifin nan yana wuce shekara 10. Yaro yana iya girma tare da shi.

In ya mutu, su ma wannan tambaya tamu suke yi. Wasu su jefa shi a masai, su kora da ruwa. Wasu su ce a'a, su bizne shi a garka. Wanda ba shi da fili ya bizne cikin tukunyar fure, don in ya tashi daga gidan haya ya tafi da ita. Ka ga zuciyar yaro ɗaya ce, a Maraɗi ko a Pari.

Kifi taki ne

Akwai kuma abin da manomi ya kamata ya sani. A 1620 wasu Ingilishi suka sauka a gaɓar Amurka, a wurin da ake kira Plimut. Sanyi da ciwo suka kashe kusan rabinsu a ɗarin farko. A 1621 wani ɗan ƙasar, mai suna Skwanto, ya nuna musu yadda ake shuka masara a can: a sa kifi cikin ƙasa wurin da za a shuka. Da haka suka samu abinci.

Dalilin a fili yake. Naman kifi yana da azot, wanda ke sa ganye ya yi kore. Ƙayarsa tana da fosfor, wanda ke ƙarfafa saiwa. Waɗannan biyu suna cikin abin da muke saye a buhun takin zamani, kuma ƙasarmu mai rairayi tana da ƙarancinsu ƙwarai. Saiwa ba ta cin nama. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ke narkar da shi. Sai ya zama kamar gishiri cikin ruwa, sannan saiwa ta sha.

To ga tambaya ta biyu: ya halatta a ci abin da ya tsiro a kansa? Ni dai ban ga laifi ba. Wane hatsi ne bai tsiro bisa abin da ya mutu ba? Muna roƙon Fulani su kwana da shanu a gonarmu. Muna kwasar juji da amalanke. Ganyen gawo yana zuba ya ruɓe, gero ya yi kyau ƙarƙashinsa. Duk tuwon da ka ci, mutuwar wani abu ce ta zama rayuwarka. Haka Allah ya tsara duniya.

Na yi wa yaron wannan bayani duka, irin na malami. Ya saurara. Da na gama ya ce: "Na gane, Baba. Amma ni ba zan ci kifina ba."

Nan na yi shiru. Abu yana iya zama halal, amma zuciya ta ƙi shi. Mutum nawa ka sani da ba ya iya cin naman ragon da ya yi kiwo da hannunsa? Ba a ce masa jahili. Ba a yi masa dole.

Zaɓen icce

Da dare muka zauna bisa tabarma, kowa ya kawo shawara.

Yaron ya fara cewa tumatir, don shi ya iya shukawa. Na ce masa tumatir wata 4 ne ko 5, sai ya bushe. Ranar da ya bushe, kifinka ya mutu sau biyu. Ban da haka, ci ake yi. Ya janye.

Uwarsa ta ce zogale. Hujjarta mai ƙarfi ce. Yana tsiro cikin sati 2, cikin shekara guda ya wuce tsawon mutum. Ganyensa abinci ne mai gina jiki, kuma duk wanda ya je Jiratawa ya ga yadda mutane ke samun kuɗi da shi. Ta ce: "Abin da ya mutu ya ciyar da masu rai, ai wannan shi ne sadaka." Wallahi da ni kaɗai ne, da zogale na dasa. Amma yaron ya riga ya faɗi nasa.

Ni na kawo dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Daga Indiya aka kawo shi, amma ya zama ɗan gida. Yana jure fari, yana daɗewa. Shi aka jera a kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975, don tare iska. Sai uwar yaron ta nuna mini garkarmu: taki 6 ce a tsaye, taki 4 a kwance. Dogon yaro zai rufe ta da inuwa, saiwarsa ta shanye ruwan albasa, ta tsaga katanga. Ɗan kifi kamar yatsa, a dasa masa iccen da zai kori garka duka? Alheri ma yana da ma'auni.

Mangwaro yana son ruwa da yawa, mu kuwa da guga muke ja. Gawo na gona ne, kuma ba ya sauri.

Tsohuwata tana gefe tana jan tasbaha, ba ta ce komi ba. Sai can ta ce: "Ku dasa lalle."

Muka juya muna kallonta. Ta ce: "Ba a cinsa. Ba ya girma ya fi ƙarfin gida. Ba ya tsoron rana. In ka sare shi ya sake tohowa. Furensa yana ƙamshi da dare. Kuma ba a neman ganyensa sai ranar farin ciki, ko salla, ko suna, ko aure."

Yaron ya ce: "Shi nake so, Kaka."

Ka duba hikimar tsohuwa. Ta samo iccen da ke da amfani, don kar maƙwabci ya ce wasa ne. Ta samo wanda ba a ci, don kar zuciyar yaro ta ƙi. Ta samo mai wuyar mutuwa, don kar a yi baƙin ciki sau biyu. Ni da na yi makarantar horon malamai ban hango haka ba. Ita ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

Ban ce lalle ne daidai ga kowa ba. In yaronka ba ya ƙyamar ci, dasa zogale ko lemun tsami. In kana da fili, dasa mai inuwa. Abin da na koya shi ne tambayoyi 3 da za ka yi kafin ka zaɓa. Zai rayu a wurin nan, da ruwan da nake da shi? Girmansa ya dace da wurin? Mai baƙin cikin ya yarda da shi? Ta ukun ita ce babba, kuma ita manya suka fi mantawa.

In ya faru a gidanka

Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, wato kamar rabin mita. In bai kai haka ba, kyanwa ko kare za su tone.

Kar ka naɗe kifin cikin leda. Leda ba ta ruɓewa. Ganye ya isa, ko a sa shi haka nan.

Ka yi nesa da rijiya. Kar kuma ka jefa mataccen kifi cikin tabki, musamman in ciwo ya kashe shi, don kar ya shafa wa sauran.

In an zuba wa kifin magani kafin ya mutu, dasa abin da ba a ci.

Kar ka ɗora saiwa bisa ɗanyen kifi. Ka bar ƙasa tsakaninsu, ko ka jira ya ruɓe. Mu mun bizne a bazara, muka kifa fasasshen tulu a wurin don alama, muka jira damina ta zauna.

In ka dasa, kewaye da ƙaya. Akuya ba ta san tarihi ba.

Ku wanke hannu da sabulu in kun gama.

Ƙarshen magana

Ran 3 ga watan Agusta muka dasa. Ka san tun 1975 ranar nan ce ranar dashen itatuwa a Nijar. Yaron ya yanko reshen lalle daga gidan gwaggonsa, ya kafa da hannunsa. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga. Bai ce komi ba, amma shi ya miƙo mana ƙayar da muka yi shinge.

Yanzu lallen ya kai kafaɗar yaron. A ƙaramar sallar bana aka tsinki ganyensa karo na farko. Aka shanya, aka daka, aka ƙunsa wa ƙanwarsa. Da safe ta zo tana nuna masa tafin hannunta, jawur. Ya riƙe hannun ya duba, ya yi murmushi, ya tafi ɗebo ruwa.

Kwanan baya muka koma Madarumfa. Na ce masa: "In roƙa maka wani?" Na ɗauka zai yi tsalle. Sai ya tsaya yana kallon tabkin. Ya ce: "Sai mun sami randa biyu, Baba. Ɗaya tamu, ɗaya tasa. In ba haka ba a bar shi nan, ya fi mu ruwa."

Ya kai mai karatu, ga abin da nake so ku tattauna a ajinku bayan karatun yau. Da kai ne, za ka faɗa wa yaron gaskiya, ko za ka ɗora wa kyanwa? Tsakanin maƙwabcina da ni, wa ya fi kusa da daidai? Wane icce za ka dasa, kuma don me? Wanda ya iya rubutu ya rubuto mana amsarsa, ko layi 3 ne. Wanda bai iya ba tukuna ya faɗa, ɗan ajinsu ya rubuta masa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Ku huta lafiya.